Ƙunar Bakin Ganyen Latas: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa noman latas a Kwadon ko a bakin kogin Gongola wajen Dadin Kowa a jihar Gombe ya san irin wannan safiyar. Jiya da la'asar ka zaga lambu, ganye kore shar, har kun gama magana da dillali cewa jibi zai turo mota. Yau ka sunkuya ka buɗa tsakiyar gindi ɗaya, sai ka tarar bakin ƙananan ganyen ciki ya yi ruwan ƙasa kamar an gifta masa garwashi. Ka buɗa na biyu, haka. Na uku har ya fara yauƙi. Ganyen waje kuwa lafiya lau, wanda ya tsaya daga nesa ba zai ce akwai abin da ya faru ba.

Ina yaro na ga wannan a lambun ƙanin mahaifina. Ya kira ni ya miƙo kuɗi, ya ce, "Yi maza ka shiga kasuwa ka karɓo mini magani, ciwo ya shigo." Na ce, "Bappa, wane iri zan ce a ba ni?" Ya ce in tsinki ganye ɗaya in nuna wa mai shago, shi ya sani. Mai shago ya juya ganyen, ya ɗauko kwalba. Muka yi feshi, bayan kwana uku muka sake. Ƙunar ba ta tsaya ba, dillali ya zo ya karya kuɗin kayan yadda ya ga dama. Bappana ba rago ba ne, kuma ba baƙo ba ne a lambu. Abin da bai samu wanda zai gaya masa ba shi ne, babu ƙwaro babu ƙwayar cuta a cikin wannan ƙunar, saboda haka babu abin da feshi zai kashe. Har yau ana maimaita wannan asarar kowace shekara, shi ya sa nake ganin ya kamata a zauna a warware zancen tun daga saiwa.

Latas, ko salak kamar yadda wasu ke kiransa, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Asalinsa yankin tekun Bahar Rum ne da Gabas ta Tsakiya, akwai zanensa a bangon kaburburan Masar ta dauri tun shekaru sama da 4,000. Shukar sanyi ce. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 20, idan zafi ya haura 30 hatta irinsa yakan ƙi tsirowa. Manoman Amurka da duk kuɗinsu da injunansu ba sa jayayya da wannan: da bazara suna nomansa a kwarin Salinas na jihar Kalifoniya inda iskar teku ke sanyaya gari, sanyi na shigowa su kwashe kayan aiki su koma Yuma a jihar Arizona. Mu a Gombe tagar da muke da ita ita ce hunturu, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Daga nan rana ta fara buɗe ido, kafin Afrilu ana maganar digiri 40.

Sai a haɗa da siffar jikinsa. Kusan kashi 95 cikin 100 na ganyen latas ruwa ne. Ganyen ga faɗi ga laushi, ba shi da kaurin fatar da kabeji yake da ita. Saiwarsa kuma ba ta nisa, mafi yawanta tana cikin santimita 30 na saman ƙasa, musamman wanda aka yi dashensa, domin cirewa daga wurin reno kan tsinke doguwar saiwar tsakiya. Wato babban baki ne a sama mai yawan sha, da guntun guga a ƙasa. Tumatir da kankana suna iya zura saiwa su kamo danshin da ke can ƙasa, latas ba ya iyawa. Abin da ke cikin taƙi ɗaya da rabi na saman fangali, shi ke nan rijiyarsa.

Bari mu yi lissafin rijiyar, domin a nan ne mutane da yawa ke mamaki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya latas cikin shuke-shuken da ke fara wahala da zarar sun shanye kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da ƙasa ta riƙe musu. Ba sai ƙasa ta bushe ƙayau ba. Ƙasar jigawa mai yashi tana riƙe wajen milimita 80 na ruwa mai shayuwa a zurfin mita ɗaya. A santimita 30 ke nan milimita 24. Kashi 30 na wannan wajen milimita 7 ne kawai. To a ranar da iska ke kaɗawa rana na duka, fangalin da latas ya rufe yana iya rasa milimita 5 zuwa 7 kafin magariba. Ka ga a jigawa ajiyar kwana ɗaya ce tak. Ƙasar fadama mai laushi, wadda ta haɗa yashi da laka, tana riƙe kusan ninki biyu, sai ta ba ka kwana biyu, da ƙyar ta taɓa na uku. Milimita ɗaya kuwa lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Fangali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5 yana neman wajen lita 60 a irin wannan ranar, jarka uku masu cin lita 20, ban da wanda zai zube a hanya.

Wanda ya gane wannan lissafin ya gane dalilin da ya sa al'adar da ta yaɗu a 'yan shekarun nan take cutar da latas fiye da kowace shuka a lambu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da injin ban-ruwa ya zama abin da ake yi wa lissafi. Manomin da ke shayarwa kullum ko bayan kwana ɗaya ya koma bayan kwana huɗu ko biyar, ranar da ya tayar kuma sai ya cika fangali taf har ya yi ambaliya, wai ya rama kwanakin da suka wuce ya kuma yi ajiyar na gaba. Ban ga laifinsa ba, aljihu ne ya yi magana. Amma ƙasa ba randa ba ce. Abin da ya wuce iyakar riƙonta yana zurarewa ƙasa da inda saiwa take, ya tafi da taki a bayansa. Sai shukar ta yi kwana ɗaya a nutse, kwana biyu cikin wadata, kwana biyu cikin ƙishirwa. Idan aka tara litocin sati za a ga sun isa, har ma sun yi yawa. Ba yawan ruwan ne ya gaza ba, rabonsa ne ya lalace.

To mene ne haɗin wannan da ƙunar bakin ganye? Haɗin sinadarin kalsiyam ne, kuma a nan nake so mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni sannu.

Jikin ganye ginin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa. Kalsiyam shi ne kamar kwaɓin da ke riƙe tubali da tubali. Ganyen da ke girma sabon gini yake yi ba dare ba rana, kuma a bakinsa ne ginin ya fi sauri. Idan kwaɓi bai iso ba a daidai lokacin da ake ɗora tubali, bango ya rushe. Latas kuma yana da siraran jijiyoyi masu ɗauke da farin ruwan nan mai kama da nono, wanda ke fitowa in ka karya gindinsa. Idan bangon jijiyoyin ya yi rauni sai su fashe, farin ruwan ya malala cikin naman ganyen, ya daskare, wurin ya mutu ya yi ruwan ƙasa. Abin da ake gani da safe ke nan. Yauƙin da ke biyo baya ƙwayoyin ruɓa ne da suka samu ƙofa a buɗe, ba su suka fara ba.

Mutum zai ce, to ai sai a zuba kalsiyam a ƙasa. Nan ne zancen yake da sarƙaƙiya, domin sau da yawa ƙasar ba ta rasa shi ba. Baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, wadda ta yawaita a sassan Yamaltu Deba da kudancin Gombe, galibi tana da shi isasshe. Matsalar ta sufuri ce. Shuka tana da hanyoyi biyu a jikinta. Ɗaya tana ɗauko ruwa daga saiwa zuwa sama, ba ta juyowa. Ɗaya tana rarraba abincin da ganye ya haɗa zuwa duk inda ake bukata. Sinadarai irin su naitirojin da fotashiyam suna bin hanyoyin biyu, shi ya sa in sun yi ƙaranci shuka kan kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, sai ka ga ganyen ƙasa ne ya fara rawaya. Kalsiyam hanyar farko kaɗai yake bi. Inda ruwa ya kai shi ya ajiye, nan zai zauna har abada. Tsohon ganye ba ya iya ranta wa ƙaninsa ko ƙwaya ɗaya.

Ruwan kuma ba a turo shi ake yi da rana ba, janyo shi ake yi. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake fitar da tururi ta cikinsu, kamar gumi, wannan fitar ce ke zuƙo ruwa daga ƙasa. Ganyen da ya fi gumi shi ya fi samun ruwa, shi ya fi samun kalsiyam. Wane ne ya fi gumi? Manyan ganyen waje da ke shan rana da iska. Ƙananan na ciki suna lulluɓe, babu iska babu rana, kusan ba sa gumi, alhali su ne suke tsakiyar gini. Da rana manya ke wawashe abin da ya taso. Idan iskar hunturu ta bushe, laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 kamar yadda take yi a nan, wawason ya ƙara tsanani.

Rabon ƙananan da dare yake zuwa. Idan rana ta faɗi ƙofofin ganye suka rufe, saiwa takan ci gaba da tara ruwa, har ƙarfinsa ya tura sama a hankali ya ratsa ko'ina, har cikin ganyen da ba ya gumi. Kana iya ganin shaidar wannan da idonka. Ka shiga lambu bayan sallar asuba kafin hantsi, ka duba bakin ganyen. Idan ka ga ɗigon ruwa sun jeru reras a gefe-gefe kamar an jera tsakiya, ba raɓa ba ce, raɓa duk fuskar ganye take jiƙawa. Wannan ruwan ciki ne ya tumbatsa ya fito, alamar saiwa ta yi aikin dare. Amma turin nan ba shi da ƙarfi sosai. Ba ya samuwa sai ƙasa tana da danshi sosai, babu gishiri da yawa, saiwa kuma tana da lafiya tana numfashi. Daren da fangali ya kwana a bushe, ƙananan ganye sun kwana da yunwa. Dare biyu ko uku a haka, a lokacin da gari ya ɗumama shukar tana girma da gudu, sun isa. Shi ya sa ƙunar ke bayyana dab da girbi, a mafi kyawun gindi, mafi girma, wanda manomi ya fi sa wa rai. Tsumburarren gindin da ke gefe sau da yawa shi ke tsira, don ba ya sauri.

Wannan ne ya kawo ni kan taki. Muna son yuriya a latas saboda tana biya nan take: ka watsa yau, cikin sati ganye ya yi duhu ya buɗe, mai saye kuma ido yake saye. Sai dai yuriya ta ɓangare biyu take ƙara ƙunar. Tana hanzarta gini fiye da yadda kwaɓi ke isowa. Sannan a cikin ƙasa takan fara rikiɗa zuwa amoniyam, shi kuma yana gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Ɗanyen kashin kaji da bai ruɓe ba haka yake yi, ga shi da gishiri. A ganina watsa yuriya a kwanaki goma na ƙarshe kafin girbi, musamman daga tsakiyar Fabrairu zuwa sama, caca ce da kayan da an riga an gama wahalarsu. Gara a ba shi abincinsa da wuri, kaɗan-kaɗan, da ruɓaɓɓen takin gargajiya tun wajen gyaran fangali.

Akwai masu sayar da ruwan kalsiyam na feshi. Ba zan ce ƙarya ba ne, amma a yi tunani: ganyen da ke bukata yana ɓoye a tsakiya, feshin a kan na waje yake sauka, kuma mun riga mun ce kalsiyam ba ya ƙaura daga ganye zuwa ganye. A latas mai buɗaɗɗen ganye, in an fara da wuri ana saita bakin famfo cikin tsakiyar, yana iya ɗan taimakawa. A mai dunƙulewa kamar kabeji, irin su Great Lakes, da zarar ya rufe kai an makara. Shawarar daka ɓawon ƙwai a zuba a gindi da ke yawo a Facebook da WhatsApp kuwa, latas zai gama rayuwarsa a cinye shi ɓawon bai narke ba.

Ba kowace ƙuna ce wannan ba, kuma kuskure ne mutum ya karanta abin da na rubuta ya ɗora shi a kan duk ganyen da ya bushe. Inda ƙunar take shi ke faɗin sunanta. Idan a ciki take, a ƙananan ganye, na waje lafiya, to zancen da muka yi ne. Idan tsofaffin ganyen waje ne bakinsu ya bushe ya yi ƙamas, shukar ta tsumbure ta yi duhu, sai a duba saman fangali da gefen kwalbatin ruwa. Idan akwai farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa, gishiri ne. Latas ba ya jure gishiri kamar yadda alayyafo ko kabeji ke ɗan jurewa. Masana sun auna cewa amfaninsa na fara raguwa tun gishirin ƙasa yana kan 1.3 a ma'aunin da suke amfani da shi, kowane ƙarin ɗaya kuma yana cin kusan kashi 13 cikin 100. Gishiri yana riƙe ruwa ne ya hana saiwa sha, sai shuka ta ji ƙishirwa ƙafarta cikin danshi. Inda ake shayarwa da ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa, ko ruwan kwatar gari, ko inda aka shekara ana zuba takin zamani ana yayyafa ruwa sama-sama, nan yake taruwa. A nan kam ana bukatar a riƙa yin ban-ruwa mai nauyi jefi-jefi don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi, da sharaɗin ruwan yana da mafita.

Mafita ita ce ɗaya rabin labarin, wanda masu baƙar laka suka fi sani. Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta ya cike duk ƙofofin ƙasa, iska ta ƙare, cikin kwana ɗaya ko biyu na zafi ƙananan gashin saiwa sun fara mutuwa. Saiwar da ta mutu ba ta sha. Sai latas ya yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa jagab. Mai lambu ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Wannan kuskuren ya fi ba ni tausayi, domin ƙwazo ne ke jawo shi ba lalaci ba. Kafin ka ƙara ruwa ga shukar da ta yi yaushi, tuge gindi ɗaya ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, tana da gashi, tana ƙamshin ƙasa. Wadda ruwa ya shaƙe takan yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa in ka ja, wani lokaci da wari. Idan kuma ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar an ɗaura mata ƙulli, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, ta fi yawa a jigawar da aka daɗe ana maimaita tumatir da kuɓewa. Ita ma yaushi take sawa kamar na ƙishirwa, kuma ruwa ba ya maganinta, sai sauya shuka da hutar da wurin.

A irin wannan jiƙaƙƙen wurin ne cututtukan gaskiya suke samun gindin zama: ruɓar da ke farawa daga ganyen da ya kwanta a kan laka ta haura, da masu ɗigo-ɗigo a fuskar ganye, da mai farin gari-gari a bayansa. Su ba sa tsayawa a baki kawai, kuma suna bin layi daga gindi zuwa gindi. A kansu feshi yana da ma'ana in an san abin da ake fesawa. Ko a nan ma a tuna ɗanye ake cin latas. Kwalbar da aka fesa shekaranjiya, gobe tana cikin kwaɗon da yara za su ci da ƙuli-ƙuli. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daina feshin "ko da wani abu".

Yaushin tsakar rana shi kaɗai ba hujja ba ce. A ranar zafi latas kan langaɓe wajen azahar ko da ƙasa na da danshi, don ganye na zubarwa fiye da yadda saiwa ke iya ɗaukowa, da la'asar sakaliya ya miƙe abinsa. Wanda ya kwana a langaɓe, ko ya wayi gari a haka, shi ne mai matsala. Amma jiran yaushi kafin a shayar ma makara ce, domin kafin ido ya gani girma ya riga ya tsaya, ganye ya fara tauri, ɗaci ya fara taruwa. Ɗacin daga farin ruwan nan yake, yana ƙaruwa da zafi da ƙishirwa, ya kai maƙura idan shukar ta miƙe ta fitar da kara za ta yi fure. Matan da ke sayen latas a kasuwa sun fi mu sanin wannan, shi ya sa za ka ga ta tsinki gefe ta ɗanɗana kafin ta taya.

Abin auna danshi da babu manomin da bai mallaka ba shi ne hannunsa. Akwai na'urar da ake sokawa a ƙasa ta nuna irin ƙarfin da saiwa ke sha kafin ta zuƙo ruwa, ɗaliban Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa suna karanta ta a darasi, kuma zan so a ce malaman gona suna yawo da ita lambu-lambu. Kafin wannan ranar, a tona gefen gindi zurfin taƙi guda, a damƙo ƙasa a matse. Idan ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu, ya yi yawa, a dakata. Idan ta dunƙule ta zauna, ta bar sanyi da ɗan tabo a tafin hannu, daidai ne. Idan ta dunƙule amma da ka taɓa ta wargaje, lokaci ya yi. Idan ta ƙi dunƙulewa sam, an makara. Saman fangali maƙaryaci ne: a laka yakan bushe ya tsage alhali ciki jiƙe yake, a jigawa yakan yi duhu da yayyafi alhali ƙasan ƙura ce. Mai yin wannan safe da yamma na sati guda zai san halin ƙasarsa fiye da duk abin da zan iya rubutawa.

Batun lokacin shayarwa ana sa-in-sa a kansa, kuma kowane ɓangare da gaskiyarsa. Masu cewa da safe suna gudun ganye ya kwana a jiƙe cuta ta kama. Masu cewa da yamma suna son ƙasa ta kwana da danshi. Ni abin da na tsaya a kai shi ne a raba: babban ban-ruwa da sassafe, sannan a jigawa, ko a ranakun da iska ta tsananta, a ƙara ɗan kaɗan bayan la'asar, a gindi ba a kan ganye ba, don aikin daren nan ya samu abin turawa. Cikin bushewar hunturunmu ganye ba ya daɗewa a jiƙe, hatsarin kwana da ƙishirwa ya fi na cuta. Masu injin sola, da suke ƙaruwa yanzu, sun huta da fetur amma injinsu da rana tsaka ya fi ƙarfi. Tanki ko ɗan tafkin da aka shimfiɗa wa leda, a tara da rana a raba safe da yamma, ya fi a sake wa fangali ruwa duk lokacin da rana ta ga dama. Mai injin fetur ma dabarar ke nan: tayarwa ɗaya ta cika ma'ajiya, hannu ya yi rabon.

Sauran dabarun duk na rage zubar ruwa ne. Yankin Dadin Kowa ƙasar shinkafa ce tun da aka kammala madatsar ruwan garin, buntu da tattaka ba su da wuya. Shimfiɗa su tsakanin gindi yana hana saman ƙasa bushewa, yana sanyaya saiwa, yana kuma raba ganye da laka, sai dai a sa ido kan gara. Zana ko shingen kara ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, yana karya ƙarfinta. A laka a ɗaga fangali sama ruwa ya samu wurin sauka, a jigawa a nutsar da shi. Idan zafi ya shigo, rumfa mai shara-shara da ke tace rana tana ƙara wa mutum kwanaki, amma ba mai duhu ba, kar ganye ya yi tsawo ya yi rauni. Kuma a bar mai dunƙulewa ga tsakiyar sanyi, a koma mai buɗaɗɗen ganye a shukar ƙarshe, tunda tsakiyarsa na samun iska yana ɗan gumi da kansa.

Abin da ke tura mutane noman latas cikin zafi kowa ya san shi: azumi. Babu lokacin da kasuwarsa ke tashi kamar watan Ramadan, kowane gida na son kwaɗo ko haɗin salak wajen buɗa-baki. A 2024 azumi ya kama daga Maris zuwa farkon Afrilu, tsakiyar wuta ke nan ga wannan shukar, a 2025 ya cinye Maris. Da yake yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, yanzu yana gangarowa cikin sanyi, kuma shekaru masu zuwa za su zo wa 'yan lambu da sauƙi ta wannan fuskar. Amma mai niyyar kama kasuwar ya ƙirga baya: kusan sati uku zuwa huɗu a wurin reno, sannan wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan dashe. Ya duba a wane yanayi makonni biyun ƙarshe za su faɗo, domin su ne masu hatsari.

Idan kuma ƙunar ta riga ta bayyana, ganyen da ya ƙone ba ya warkewa. A daidaita ruwa, a dakatar da yuriya, a buɗa gindi goma daga wurare daban-daban a ga iya inda ta kai. In latas ɗin ya isa sayarwa, kar a jira ya ƙara nauyi, a kira dillali yau. A yanke da sanyin asuba lokacin da ganye ke cike da ruwa, a cire waɗanda bakinsu ya taɓu don kar yauƙinsu ya shafi sauran a cikin buhu, a yayyafa ruwa mai tsabta, a rufe da jiƙaƙƙen algarara, ya isa Gombe kafin rana ta take.